Ninka DNA Daban, Ƙera Furotin Daban: Sharhi Kan Wani Bidiyo Da Ke Yawo A Wayoyinmu

Makon jiya gwaggona ta turo mini wani bidiyo ta WhatsApp, ta biyo shi da saƙon murya: "Kai da kake karatun nan, saurara ka gaya mini, ashe jinotayif yana canzawa?" Ba haka kawai ta yi tambayar ba. Ɗanta da yarinyar da yake nema sun je gwajin aure, sakamako ya nuna dukkansu AS ne, magana ta tsaya cak. Ita kuma ta san wani yaro a unguwarsu mai sikila, SS, wanda aka yi wa ƙarin jini, da aka sake gwada shi takarda ta fito da A da S. Da ta haɗa wannan da abin da ta ji a bidiyon, sai ta ga kamar mafita ta samu: a ƙara wa ɗanta jinin mai AA, shi ke nan.

Na kalli bidiyon sau uku. Mai bayanin bai taɓa cewa jinotayif yana canzawa ba, kada in ɗora masa abin da bai faɗa ba. Amma ya faɗi wata magana wadda duk wanda ya ɗauke ta da gaske zai iya isa inda gwaggo ta isa. Ya ce DNA yana kwafin kansa ne domin ya samar da furotin. Kan wannan jimla guda nake son mu tsaya, domin ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Ni kaina haka na haddace ta lokacin da nake shirin JAMB.

Abin da ya yi daidai

Bidiyon yana da kyau ta fuskoki da dama. Hausarsa tsaf take. Ya zana DNA kamar tsani da aka murɗa, ya nuna haruffa huɗu, A da T da G da C, ya kuma bayyana cewa A da T suke haɗuwa, G kuma da C. Ya ambaci James Watson da Francis Crick da shekarar 1953, bai kuma manta da Rosalind Franklin ba, wadda aikinta na hoton DNA ya taimaka wajen gano siffar. Da yawa daga cikin masu irin wannan bayani tsallake ta suke yi. Saboda haka gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Matsalar ta fara ne daga inda ya ɗauki kalma ɗaya, "kwafi", ya rufe ayyuka biyu da ita.

Kuskure na farko: kalma ɗaya, aiki biyu

A cikin ƙwayar halitta, wato sel, akwai ayyuka biyu da dukkansu suke farawa da buɗe igiyoyin DNA. Wannan ne ya sa ake ruɗa su. Amma kama da wane ba ta wane.

Aiki na farko shi ne ninka DNA. Sel yana yin sa ne idan zai rabu gida biyu, domin kowane sabon sel ya samu nasa cikakken kason. A jikin mutum, sel ɗaya yana ɗauke da kuromosom 46, masu haruffa kimanin biliyan 6 bibbiyu, waɗanda in aka miƙe su za su kai wajen mita 2. Duk wannan ake ninkawa, daga farko har ƙarshe, sau ɗaya tak kafin kowace rabuwa, kuma yakan ɗauki kusan awa 8. Wani enzayim mai suna helikes yana buɗe igiyoyin biyu kamar zif, wani mai suna DNA folimares yana bin kowace igiya yana gina mata sabuwar abokiya. Abin da ake samu a ƙarshe DNA ne guda biyu, kowanne rabinsa tsoho rabinsa sabo. Ba a samu furotin ko ɗaya ba.

Wannan ba hasashe ba ne. A 1958 Matthew Meselson da Franklin Stahl sun raini bakteriyar E. coli a abinci mai naitrojin mai nauyi, sannan suka mayar da ita abinci mai naitrojin mara nauyi. Bayan rabuwa ɗaya, duk DNA ɗin ya fito da matsakaicin nauyi. Bayan rabuwa ta biyu, rabi matsakaici, rabi mara nauyi. Hakan ba zai yiwu ba sai in kowace tsohuwar igiya ta zauna daram an gina mata sabuwa a gefenta.

Aiki na biyu shi ne ƙera furotin, kuma hawa biyu ne. A hawan farko, wani enzayim daban, RNA folimares, yana buɗe ɗan ƙaramin yanki na DNA, ƙwayar gado ɗaya, ya rubuta saƙonta a kan wata igiya guda mai suna mRNA. A wannan rubutun harafin U ne ke zama a gurbin T. Da an gama, DNA ya koma ya rufe kamar ba a taɓa shi ba, saƙon kuma ya fita daga cibiyar sel. A hawa na biyu, wata na'ura mai suna ribosom tana karanta saƙon haruffa uku-uku. Kowane uku suna nufin amino asid ɗaya, wasu ƙananan 'yan aike masu suna tRNA ne ke ɗauko shi su kawo. Haɗin uku-uku da ake iya samu 64 ne: 61 suna kiran amino asid 20 da ake gina furotin da su, 3 kuma alamar tsayawa ne. Kalmar farko da aka fara karantawa a wannan harshe ita ce UUU, wadda Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka gano a 1961 cewa tana nufin fenilalanin.

Bari in kawo misali da shagon tela. Tela yana da littafin awo, inda ya rubuta awon kowane kwastoma. Littafin ba ya barin durowa. In zai ɗinka wa wani riga, sai ya buɗe shafin mutumin, ya rubuta awon a 'yar takarda, ya miƙa wa yaron da ke kan keke. Yaro ya duba takarda ya ɗinka, an gama a yar da takardar. Wannan shi ne ƙera furotin, kuma kullum ake yin sa. Ranar da tela zai buɗe wa ƙaninsa sabon shago kuwa, sai an zauna an sake rubuta littafin gaba ɗaya, shafi bayan shafi, a bai wa ƙanin. Wannan shi ne ninka DNA. To wanda ya ce maka tela yana sake rubuta littafin awonsa ne domin ya ɗinka riga, ka san bai taɓa zama a shagon tela ba.

Hujjar da ke cikin jininmu

In mai karatu yana son hujja cewa ayyukan nan biyu ba sa jiran juna, ga ta nan a jikinsa. Jajayen ƙwayoyin jini a ɓargo ake yin su, kuma kafin su fito sai sun zubar da cibiyarsu, da duk kuromosom ɗin da ke ciki. Duk da haka, ƙwayar da ba ta gama nuna ba tana ci gaba da ƙera himogulobin na ɗan lokaci, daga saƙonnin mRNA da aka rubuta tun kafin a zubar da cibiyar. Littafi ya tafi, amma takardun da ke kan keke ana ta ɗinki da su. Haka kuma yawancin sel ɗin jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba sa rabuwa bayan sun girma, don haka ba sa ninka kuromosom ɗinsu, amma suna ƙera furotin har ƙarshen rayuwar mutum.

Hujja ta biyu tana kemis ɗin unguwarku. Sifrofuloksasin, wato Cipro da ake ba masu taifot, yana toshe enzayim ɗin da ke warware murɗin DNA na bakteriya, sai ninkawa ta gagara. Rifamfisin da ake ba masu tarin fuka yana kama RNA folimares ne, sai a kasa rubuta saƙo. Tetrasaikilin da jentamaisin da eritromaisin kuwa ribosom ɗin bakteriya suke kai wa hari, sai a kasa karanta saƙon. Magani biyar, wuri uku. Da aikin ɗaya ne, da ba a samu wannan rabe-raben ba. Haka nan magungunan kansa da dama ninka DNA suke hanawa, shi ya sa suke taɓa sassan jikin da sel ke yawan rabuwa, gashi ya zube, jini ya ragu.

Akwai kuma bambancin da na fi so, wanda bidiyon bai ko leƙa ba: yawan kuskure. Wajen ninka DNA, bayan dubawa da gyara, kuskuren da ke saura bai wuce kimanin ɗaya cikin haruffa biliyan ɗaya ba. Wajen karanta saƙo a ribosom kuwa, ana samun kuskure kusan ɗaya cikin amino asid 1,000 zuwa 10,000. Me ya sa sel yake tsanantawa a can, yake sassautawa a nan? Domin in yaro ya ɓata riga ɗaya, riga ɗaya aka yi asara, a warware a sake. In aka rubuta awo ba daidai ba a sabon littafi, duk rigar da za a ɗinka daga shafin nan ɓatacciya ce, haka kuma duk littafin da za a rubuta daga shi.

Kuskure na biyu: kibiya mai kai biyu

A zanen bidiyon akwai kibiya daga DNA zuwa furotin, sannan wata ta lanƙwaso daga furotin ta koma DNA, kamar zobe. Ina jin abin da yake nufi shi ne furotin ne ke aikin ninka DNA, kuma gaskiya ne, domin helikes da folimares duk furotin ne. Sai dai bai fayyace ba, mai kallo kuma zai ɗauka cewa bayani yana komawa baya. A nan ne gwaggo ta zame.

Tun a 1958 Crick ya rubuta ƙa'idar, ya kuma sake fayyace ta a 1970: da zarar bayanin jerin haruffa ya shiga furotin, ba ya fitowa ya koma DNA ko RNA. Riga ba ta komawa ta gyara littafin awo.

Mu duba sikila. Ƙwayar gadon da ke ɗauke da awon wani sashe na himogulobin tana kan kuromosom na 11. Sashen yana da amino asid 146. A wurin na shida, mai A yana da GAG, wanda ke kiran gulutamik asid. Mai S yana da GTG, wanda ke kiran balin. Harafi ɗaya ne ya canza. Vernon Ingram ne ya gano wannan bambancin amino asid ɗaya a tsakanin 1956 da 1957. Wannan canji ne ke sa himogulobin ya manne wa juna in iskar oksijin ta yi ƙasa, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120. Nau'in C da aka fi samu a arewacin Ghana da Burkina Faso shi ma a wannan wuri na shida yake, sai dai shi AAG ne, mai kiran laisin.

Ga inda abin ke ɗaure kai. Gwajin da muke kira "jinotayif" a yawancin asibitocinmu ba DNA yake dubawa ba. Furotin yake dubawa. Ana ɗiga jinin a na'ura, a saki lantarki, himogulobin A da S su yi tafiya daban-daban saboda cajinsu ba ɗaya ba ne. Da irin wannan dabara Linus Pauling da abokan aikinsa suka fara nuna bambancin a 1949. Wato muna duba riga ne mu gane abin da ke littafi. Yawanci hakan yana aiki. Amma in aka yi wa mai SS ƙarin jini, an zuba masa himogulobin ɗin wani ne, an ara masa riga kenan. Na'ura za ta ga A da S. Bayan kimanin wata uku jinin aro ya ƙare, ɓargonsa kuma bai daina bin littafinsa ba, sakamako ya koma SS. Shi ya sa ake tambayar mutum ko an ƙara masa jini kwanan nan kafin a yi gwajin.

Kai, ko dashen ɓargo, da sabon maganin gyaran ƙwayar gado mai suna Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, sel ɗin da ke yin jini kawai suke shafa. Ba sa taɓa DNA ɗin da ke cikin maniyyi ko ƙwan mace. Wanda ya warke ta wannan hanya har yanzu S zai ba 'ya'yansa. Gado ta hanyar ninka DNA yake tafiya, ciwo kuma ta hanyar furotin yake bayyana. AS da AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. A kowane ciki fa, ba wai ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Babu abinci, babu sassaƙe, babu ledar jini da ke rage wannan lissafi.

Kuskure na uku: maganar rigakafi

Gab da ƙarshe, mai bayanin ya jefa wata magana a gurguje, cewa tunda allurar korona saƙon halitta ce, to tana shiga ta haɗu da DNA. Bai kawo hujja ba, ya wuce abinsa.

Ba na raina tsoron mutanenmu. Gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba tatsuniya ba ce, kuma yana cikin abin da ya ƙara wa ƙin allurar shan inna ƙarfi a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma saboda tsoron yana da tushe ne ya sa bai kamata mai bayanin kimiyya ya ƙara masa itace da abin da ba haka yake ba.

Allurar Pfizer da ta Moderna mRNA ce, wato 'yar takardar nan da ake miƙa wa yaron keke. Aikinta a wajen cibiyar sel yake, inda ribosom suke. Su karanta, su ƙera furotin ɗin ƙayar da ke jikin ƙwayar cutar, garkuwar jiki ta gan shi ta koyi yaƙi da shi, saƙon kuma ya ruɓe kamar sauran. Katalin Karikó da Drew Weissman sun samu kyautar Nobel a 2023 kan aikin da ya sa wannan ya yiwu.

Wani zai ce, ai akwai hanyar komawa daga RNA zuwa DNA. Ƙwarai akwai. Howard Temin da David Baltimore sun gano enzayim ɗin da ke yin haka a 1970, kuma da shi ƙwayar cutar HIV take aiki. Amma HIV da kayan aikinta take zuwa: enzayim mai juya RNA ya zama DNA, da wani mai cusa shi cikin kuromosom. Allurar ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikinsu. Masu yaɗa maganar sukan kafa hujja da wani bincike na Jami'ar Lund a ƙasar Suwidin na 2022. An yi shi ne a kan sel ɗin kansar hanta da ake raino a faranti a ɗakin gwaji, kuma bai nuna cewa saƙon ya shiga cikin kuromosom ba. Da bidiyon ya kawo wannan ya tattauna shi, da na yaba masa. Abin da ya yi shi ne ya gina zargi a kan kuskurensa na farko: tunda a wurinsa komai "kwafi" ne, to duk abin da ya shiga layin ya shiga DNA.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai

In zan yi adalci, mu ma da muke dakunan bincike muna da namu kason. Mun koyi abubuwan nan da Turanci, kowane mataki da sunansa, muka ci jarrabawa, amma da aka ce mu faɗa da Hausa sai duk muka ruga wurin "kwafi". Alhali Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Ina ba da shawarar uku. Mu ce ninkawa ga sake yin DNA gaba ɗaya. Mu ce tsakure ga rubuta mRNA, domin tsakure shi ne ɗebo ɗan yanki daga babban rubutu. Mu ce fassara ga aikin ribosom, domin a nan ne ake barin harshe mai haruffa 4 a shiga mai 20. Wanda ya ji ninkawa da tsakure da fassara ba zai ɗauka abu ɗaya ba ne.

Misalin telan nawa ma yana da iyaka, kada wani ya ɗauke shi ya wuce da shi. A sel, tela da yaro da keken duk daga cikin littafin aka samo awonsu. Bakteriya ba ta da cibiya, don haka tun ana rubuta saƙo ake fara karanta shi. Sannan a jikin mutum, sassan da ke ɗauke da awon furotin ba su kai kashi 2 cikin 100 na DNA ba, ƙwayoyin gado kusan 20,000 ne. Duk da haka in an zo ninkawa ba a barin sauran. Wannan ma wata shaida ce cewa ba don furotin ake ninka DNA ba.

Hukuncina a kan bidiyon shi ne: rabin farko a kalla a ƙaru, rabin ƙarshe yana buƙatar a sake shi. Gyaran ba mai yawa ba ne. A cire jimlar nan guda, a goge kibiyar da ta lanƙwaso, a janye maganar allura ko a kawo mata hujja.

Ita kuwa gwaggo, na kira ta muka daɗe muna magana. Da na zo kan rigar aro sai ta yi shiru, can ta ce, "Wato yaron nan na unguwarmu yana nan da ciwonsa kenan." Na ce mata yana nan, kuma ya kamata iyayensa su san haka, kada takardar ta yaudare su su daina kai shi asibiti. Maganar aure kuma na ce su sake gwajin a wani wurin don a tabbatar, su zauna da likita ya yi musu bayani, sannan su yanke shawara da idonsu a buɗe. Ba amsar da take so ba ce, na ji hakan a muryarta. Da za mu yi sallama ta ce in rubuta abin da na faɗa mata, akwai waɗanda ta tura wa bidiyon.